Gidan Da Aka Hana Ni Shafewa Da Siminti

London, 9 ga Nuwamba, 1976

Yaya Maharazu,

Bayan gaisuwa, yaya Inna da ƙafarta?

Na sayi gidan wani basaraken Turawa a ƙauye kusa da London, shekararsa ɗari uku, zan mai da shi masaukin 'yan kasuwarmu. Har na sauke siminti zan shafe shi kamar gidana na Gusau, sai 'yan council, wato ƙaramar hukuma, suka ce ban isa in taɓa ko dutse ɗaya ba, wai tsufan shi ne darajarsa. Ni da kuɗina. Sanyi yana shigowa ta tagogin, amma da sauƙi, kuma gidan ya fara shiga raina.

Yaya, soron marigayi Baba da na ce a rushe bayan salla, kada a taɓa shi. A gyara indararo kawai.

Ƙanenka,
Zailani