Safar Hannun Dogo

Talata

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya ƙafar ƙaramar, kumburin ya ragu? Ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Yayanka, ya kai haske kabarinsa.

Na kira ka sau huɗu tun ranar Lahadi ba ka ɗauka ba, shi ya sa na rubuto, zan ba maigadin garejinku ya miƙa maka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san karatuna bai yi nisa ba.

Maganar wasan ranar Asabar ce. An ci mu ɗaya mai ban haushi a wasan farko na kakar bana, a filinmu, saura minti uku a tashi, kuma na san yadda abin ya ci maka rai. Amma jiya na bi ta layin su Dogo, golanmu, na ga an fasa gilashin shagon ɗinkin matarsa, an rubuta "maci amana" da gawayi a bango. Mai shayin bakin fili ya ce min kai ne a gaba da gangarka, kuma ku 'yan ƙungiyar magoya baya kun rantse ba mai shiga fili Asabar mai zuwa sai an kori Dogo, wai ya sayar da wasa.

Bai sayar ba. Ni na jawo.

Shekara goma sha tara Yayanka yana wanke kayan 'yan wasa a ɗakin nan na bayan fili, ina taya shi shanya da guga. Amma safar hannun gola bai taɓa bari na sa mata hannu ba. Da kansa yake wanke ta a wani ɗan kwano, ya naɗe a tawul, ya rataye a bayan ƙofa inda rana ba ta kaiwa. Ni kuma kullum ina ganinta da dauɗa, tafin yana danƙo, sai in ce a raina namiji dai bai iya wanki ba. Da aka ba ni aikin bayan rasuwarsa, na ce wasan farko sai kowa ya ga bambanci. Na kwashe safar Dogo duka ukun da yake da su, na jiƙa a ruwan zafi da garin sabulu da bilic, na goge da buroshi, na shanya a kan kwanon rufi kwana biyu. Suka yi fari fes. Ranar wasa na miƙa masa ina jin daɗi. Ya juya su, ya shafa tafin da yatsa, ya ce, "Sun yi haske, Mama." Ya wuce.

Jiya da kayan suka dawo na duba. Tafin ya bushe, ya tsattsage, ya yi santsi kamar leda. Na nuna wa mai gyaran takalman 'yan wasa, ya ce danƙon da na kankare shi ne yake riƙe ƙwallo. Kai ma ka ga yadda ta shiga hannunsa biyu ta zame ta wuce raga.

Na san idan maganar nan ta fita za a karɓe makullin ɗakin wankin, kuma ka san ba ni da wani abu sai shi. Amma ina roƙonka ka tsayar da mutanenka, suna jin maganarka.

Ka gaishe min da mutanen gida.

Matar Yayanka


Laraba

Matar Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa ta yi sauƙi.

Na karanta takardarki sau biyu, sannan na cusa ta a murhun mai shayi. Ki yi wa Allah kada ki ƙara rubuta irin wannan, kuma kada ki faɗa wa kowa. Shi mai gyaran takalmin zan gan shi da kaina.

Ke ba ki san ƙwallo ba. Gola mai shekara goma a raga, a miƙa masa safa mai santsi ya sa ya shiga fili bai ce uffan ba? Bakinsa ɗinke yake? Ba zai iya aron ta ƙaramin gola ba? Mu da muke zaune a bayan raga mun ga abin da muka gani. Mun gan shi bayan an tashi ya rungume wanda ya ci shi suna magana a kunne. Wannan ma bilic ɗinki ne?

Ba ki san abin da mutane suka sha ba. Wata uku muna jiran wasan nan. Akwai direban da ya ajiye motarsa tun safe bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba don ya samu wurin zama. Tsohon nan mai sayar da katako, wanda bai taɓa fashin wasa ba tun ina goye, ya fito yana share ido da hula. Magoya bayan waɗancan suka bi mu har bakin titi suna tambaya ko golanmu na sayarwa ne, suna neman rariya a gida. Yau kwana huɗu duk wanda ya kawo gyaran mota sai ya tsokane ni. Sai ki ce in je in gaya wa waɗannan mutanen su yi haƙuri, matar Yayana ce ta yi wanki?

Kin manta yadda kika samu aikin nan. Mutum uku suka nema, duk maza. Ni na tsaya gaban Manaja na ce kin san aikin ciki da waje, na ce idan an samu matsala a kama ni. Kina buɗe baki ke za a kora, ni a yi min dariya, shi kuma Yaya a ce shekara goma sha tara bai iya koya wa matarsa komai ba. Dogo idan an kore shi gobe wata ƙungiya za ta ɗauke shi. Ke wa zai ɗauke ki?

Kuma tunda kin taɓo zancen, bari in faɗa. Kina tsaye kusa da mutum duk shekarun nan ba ki taɓa tambayarsa me yake yi da kwanon nan ba. Haka ma ciwon ƙirjinsa, sai da ya faɗi a kan bokiti kika sani. Yanzu ne tausayi ya zo miki, kuma na bare.

Gobe da yamma za mu yi taro a rumfar bakin fili, mu miƙa wa Koci takardar neman korar Dogo. Ki zauna a ɗakinki ki yi gugarki.

Ƙanin mijinki


Alhamis da safe

Ƙanena,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗi da ƙafar yarinyar ta yi sauƙi, a ci gaba da gasa mata.

Maganar da ka yi a kan ciwon Yayanka ta shige ni. Ban yi fushi ba, don ni ma ina faɗa wa kaina ita kullum in na shiga ɗakin nan na ga bokitin. Gaskiya ne ban tambaya ba. Shi mutum ne da ba ya son tambaya, ni kuma na saba da yin shiru har shirun ya zame min hali. Amma kai ma duk Asabar kuna tare, ya taɓa gaya maka? Mu duka ya ɓoye wa. Kada mu yi ta jifan juna da shi, ba zai so ba.

Jiya na je gidan Dogo. Matarsa ta buɗe ƙofa a tsorace, ta ɗauka ku ne. Sun toshe tagar shagon da kwali. 'Yarsu kwana uku ba ta je makaranta ba, don yara suna kiranta 'yar rariya. Masu ɗinki biyu sun zo sun karɓe yadinsu ba a ko yanka ba.

Na gaya masa abin da na yi, ashe ya sani tun lokacin da ya shafa tafin. Ya ce ya nemi ta ƙaramin gola, ba ta shige shi ba, ka san girman hannunsa. Ya jiƙa tasa da ruwa, ya ce Allah zai rufa asiri, kuma ya rufa har minti tamanin da bakwai. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa wa Koci. Ya ce ranar ce ranata ta farko, kuma ya ga yadda nake murmushi. Wanda kuka gani ya rungume shi kuwa, tare suka taso a ƙaramar ƙungiya, haƙuri yake ba shi.

Da zan tafi ya biyo ni waje, ya ce, "Mama, ki bar maganar nan. Baba, mijinki, ya riƙe ni lokacin da ba wanda ya san sunana. Zagi ne kawai, zai wuce."

Ba zai wuce ba, Ƙanena. Koci ya riga ya gaya masa kada ya zo atisaye sai ƙura ta lafa. Ka ce wata ƙungiya za ta ɗauke shi. Wa zai ɗauki golan da garinsu ya ce ya sayar da wasa? Shekararsa talatin da uku, wannan sunan in ya bi shi ya gama.

Na yi tunanin abin da ka ce a kaina da kai, ban raina ba. Na san ka tsaya min a lokacin da ba wanda ya tsaya. Amma ba zan iya tsayawa ina goge rigar mutum ba alhali na san ni na hana shi sa ta. Yau zan je wurin Koci da safar a jaka, daga nan in zo rumfarku. Na gaya maka ne don kada ka gan ni kwatsam. Idan za ka iya, ka faɗa musu da bakinka kafin in iso, zai fi maka sauƙi.

Allah ya huci zuciyarka.

Matar Yayanka


Juma'a

Matar Yaya,

Salam.

To, kin yi. Hankalinki ya kwanta.

Ke kin ajiye safa a kan benci kin yi maganarki ta minti biyar kin tafi, ba ki tsaya kin ga sauran ba. Sai da aka zagaya da ita hannu hannu, kowa yana shafawa. Wani ya ce a kawo ƙwallo a gwada, aka sa wa direban nan, aka jefa masa sau biyar ya kama ɗaya. Rumfa ta kaure da dariya, kuma ba da shi ake ba, da ni ake. Sun sa miki suna Uwar Kumfa, ni kuma Ƙanin Kumfa. Yau da na shigo gareji na tarar an ajiye min sabulu a kan akwatin kayan aikina.

Wasu sun ce ƙarya ce, Dogo ne ya haɗa baki da ke. Wasu sun ce ke ma a bincike ki. Tsohon mai katako ya miƙe ya ce a sa kafinta ya je ya gyara tagar matar Dogo, kuma wanda ya ja mutane zuwa can bai kamata ya ci gaba da ja musu gaba ba. Ba wanda ya buɗe baki ya kare ni. Gangar da na riƙe shekara goma sha ɗaya sun karɓe, sun ba wani da ko riƙe makaɗi bai iya ba.

Manaja ya kira ni, ya tuna min da maganar da na yi a gabansa kalma kalma. Ya ce ki kwashe kayanki da na Yaya kafin Litinin da azahar, ki bar makulli wurin maigadin fili. An ba ɗaya daga cikin mutum ukun nan aikin. Dogonki kuma yana cikin waɗanda za su fara wasan gobe, in abin da kike son ji ke nan.

Matata ta ce in gaya miki ki zo ki zauna da mu kafin ki samu abin yi. Na gaya miki don ta ce in gaya miki. Ni dai ba na son ganinki yanzu, kuma kada ki ƙara aiko min da takarda ta hannun maigadi, shi ma ya fara yi min murmushi.

Ƙanin mijinki


Lahadi

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Wannan ta hannun maiɗakinka na aiko, ka gode mata, amma zan koma wurin ƙanwata.

Jiya ina ɗakin ina haɗa kaya aka yi wasan, ta bango na ji. Da aka kira sunan Dogo rabi sun tafa, rabi sun yi ihu. An tashi ba ci. An ce ba ka zo ba.

Abin da ya same ka ta dalilina ne, ina neman gafararka. Abin da na faɗa a rumfa kuwa ba zan nemi gafara a kansa ba.

Na kwashe komai sai akwatin ƙarfen Yayanka, na kasa ɗaga shi, kuma ba na so wani bare ya ɗauka. Gobe ƙarfe goma zan kasance a bakin ƙofar. Idan ka zo ba sai ka yi min magana ba, ka kama gefe ɗaya in kama ɗaya.

Ka gaishe da yara.

Matar Yayanka