Ramin da Baba Ya Cike

Lossiemouth, 9 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Struan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Mairi da yara. Allah ya tsare ku a can ƙarshen duniyar da ka zaɓa. Mu nan sai godiya. Gwaggo Effie na nan da ciwon gwiwarta da kaifin bakinta, babu wanda ya ragu. Baba ne jiki ya ja baya tun Kirsimeti, miyar kifin da yake so ma cokali uku yake sha ya ture. Ba zan ɓoye maka ba, likita bai sa mana ran zai ga wani sanyin ba.

Ka tuna dutsen bakin ƙofarmu, wanda Baba ya ɗauko daga wurin fasa dutse tun ba a haife mu ba? Sanyin bana ya tsaga shi biyu. Da na leƙa tsagar sai na ga zane layi-layi kamar ɓawon kifi. Na kai hoto gidan tarihi, washegari sai ga wata ma'aikaciyarsu, Kirsty, durƙushe a ƙofarmu cikin ruwan sama kamar mai neman gafara. Ta ce alamar wata dabba ce dangin kada, amma ba ta ruwa ba. A tudu take yawo, tana tono da hanci irin na alade, shekara fiye da miliyan ɗari biyu da suka wuce. Wai a irin dutsenmu ƙashin yakan narke ya tafi, sai gurbinsa ya rage. Roba suke zubawa a ramin, in ta daskare su zaro, sai ga kamannin dabbar.

To, ka san Babanka da rami a jikin dutse. Shekara hamsin yana gini, a wurinsa rami aibi ne. Ashe tun ranar da ya kawo dutsen ya cike ramin tsaf da kwaɓin farar ƙasa. Kirsty kamar ta yi kuka. Shi kuwa cewa ya yi, “Yo ’yar nan, in bar rami a bakin ƙofata saboda wani kadan da ko iyo bai iya ba?” Sa'ar da aka ci, ba siminti ya sa ba, farar ƙasa kuwa tana sakin dutse. Mako uku ta yi tana ƙwaƙule ta kaɗan-kaɗan, Baba na zaune cikin bargo yana mita, wai ba ta iya riƙe guduma ba.

Ranar da ta zaro robar, a cinyarsa ta ɗora. Ya daɗe yana shafa ta da yatsa. Can ya ce ashe dutsen ajiye wa dabbar wurinta ya yi duk shekarun nan, shi ne ya zo ya toshe.

Struan, shekara goma sha ɗaya ke nan da ka ajiye aikin gini, kuka yi cacar baki da Baba ka tafi. Tun daga ranar ya cusa kayan aikinsa a ɗakinka har rufi, ya hana a ambaci sunanka. Na ji haushinsa, na ji naka, don taurin kanku ɗaya ne, ni ce kullum a tsakiya, kuma na gaji. Shekaranjiya ya sa ni na kwashe komai, yana tsaye a ƙofa da sandarsa har na gama shara. Yanzu babu komai a ɗakin sai gadonka. Bai ce in rubuto maka ba, kuma ka san ba zai ce ba. Ni ce nake roƙonka, ka zo tun yana iya gane ka.

Ka gaishe mini da Mairi, da Isla da Rory. Gwaggo Effie na gaishe ku, ta ce a gaya maka ita ma ba dawwama za ta yi ba. Baba bai ce a gaishe ka ba. Amma da na ce zan kira magini ya sa mana sabon dutse a ƙofar, sai ya ce in bari tukuna, akwai wanda ya koya wa aikin da hannunsa.

Yayarka,
Ishbel