Kwanon Tizón

Sansanin kastanya, Kogin Las Piedras
4 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Yolvi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki da jikokina. Yaya ciwon bayan nan naki? Ni lafiya lau, sai dai ruwan sama da ke dukanmu kullum. Kastanya kuwa, 'ya'yan itacen nan da muke tsinta a daji, ta zuba bana, har buhuna sun kusa ƙarewa.

Nemi wuri ki zauna tukuna. Kin san Tizón da iyayi wajen abinci, kare ne amma sai ki ce ɗan gwamna. Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun rasuwar mahaifiyarki, tukunya ɗaya muke ci ni da shi. To, mako biyu yana ta ramewa, alhali kullum na dawo daga daji sai in tarar an lashe kwanonsa tas. Hankalina ya tashi. Jiya na ƙi fita, na laɓe bayan buhuna.

Yolvi, na gan shi! Karen daji mai gajerun kunnuwa! Wanda na gani sau ɗaya ina saurayi, aka shekara arba'in ana ce mini giyar rogo ce ta nuna mini shi. Ya fito daga kurmi da hantsi, baƙi-baƙi, siriri, wutsiya buzu-buzu tana jan ƙasa, yana taku irin na kyanwa. Ya nufi kwanon Tizón, ya cinye dafaffiyar ayabar, ya bi da kan kifin. Shi kuwa gwarzon naki yana kwance ƙarƙashin benci, ya kau da kai kamar ba abincinsa ake ci ba.

Na faɗa wa Ruperto na sansanin gaba, ya ce, "Nemesio, tsufa ya zo. Gobe kuma damisa ce za ta zo ta wanke maka tukunya." Bar shi! Na aika a kira Dokta Zoila, likitar dabbobin da ke ɗaura na'urar ɗaukar hoto a jikin itatuwa. Yanzu ninki biyu nake zubawa, kowa ya samu.

Mahaifinki,
Nemesio

19 ga Fabrairu

'Yata Yolvi,

Ina gaishe ki, ina fatan yara sun warke daga tarin. Ki gaishe da surukina.

An samu hoto! Dokta ta kwana uku a nan, a na huɗu ta buɗe na'urar, ta ƙwala ihu har tsuntsayen aku suka watse daga kan itace. Shekara tara take neman dabbar nan. Kuma mace ce, Yolvi, nonuwanta a cike, wato tana da 'ya'ya a wani rami kusa da mu! Ruperto ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ai ni ma na sha ganin sawunta." Maƙaryacin banza. Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Sai Dokta ta sake duban hoton, ta ce, "Baba Nemesio, kwanon nan na waye?" Na ce na Tizón ne mana, ina ta hura hanci. Kin san mu a sansani, duk wanda ya iso, abin da ke kwano shi zai ci. Nan take fara'arta ta ɗauke. Ta ce karen gida kan ɗauki cutar da shi zai iya warkewa, amma in ta shiga na daji sai ta kashe uwa da 'ya'ya, kuma ta miyau take bi. Ta yi wa Tizón allura, amma ta ce hakan bai isa ba: a daina ajiye abinci a waje, shi kuma ya bar dajin.

Na fusata, na ce Tizón ya riga karyar dajin zuwa wurin nan. Ta ce, "Baba, kakanninta sun riga naka." Ga murna, ga baƙin ciki, na rasa wanda zan riƙe.

Mahaifinki,
Nemesio

25 ga Fabrairu

'Yata abar ƙaunata,

Ina fatan kuna lafiya. Wasiƙar nan za ta iso ki a kwalekwalen Ruperto, tare da buhun kastanya na yara, da Tizón.

Shekaranjiya na hango karyar dajin a bakin rafi, ƙananan 'ya'ya biyu na bin ta, ɗaya yana ta tuntuɓe da ƙafafunsa. Mutum nawa ne a duniya suka ga wannan? A nan na yanke shawara.

To ki saurara. Ba ya cin abincin kanti na cikin leda, kada ki ɓata kuɗinki. Ki dafa ayaba ta yi luguf, ki murmusa kifi a kai, ki cire ƙaya, haƙoransa sun tafi. Kada yara su ba shi alewa, zai karɓa ne don kunya ya je ya amayar. Ki riƙe mini shi har Afrilu. A shekarunsa wata biyu ba wasa ba ne, na sani.

Da la'asar za ki ga ya je bakin ƙofa ya zauna, lokacin dawowata daga daji ke nan. Kada ki kira shi ciki. Ki kai masa abincin can, ki ɗan zauna kusa da shi, domin bai taɓa ci shi kaɗai ba.

Allah ya tsare ku.

Mahaifinki mai kewarku duka,
Nemesio