Shafin Wanda Ya Cece Ni Yana Cikin Waɗanda Za Mu Kai Ƙara

Hajiya Madina, assalamu alaikum. Ina roƙon ki agaza mini da shawara kafin Juma'a, domin lamarin ya gagari mantiƙina, alhali ina da digiri a kimiyyar siyasa.

Ni ɗan Ƙofar 'Yandaka ne, ina cikin matasan da ke kare manufofin jam'iyyarmu a kafar sada zumunta. Ba yabon kai ba, alƙalamina yana da kaifi. A watan jiya magoya bayan wata jam'iyya suka haɗa baki suka yi ta kai ƙarar shafina, har kamfanin ya rufe shi. Na rubuta wa kamfanin takarda mai shafi huɗu, na kafa hujja da sashe na 39 na tsarin mulki mai kare 'yancin faɗin albarkacin baki, na kira matakin tsagwaron kama-karya. Ko amsa ban samu ba.

Wanda ya cece ni shi ne Emmanuel, malamin makaranta a Kambarawa, ɗan waccan jam'iyyar, wanda muka shekara biyu muna ragargazar juna a bainar jama'a. Na taɓa kiransa jahilin tarihi. Shi ya neme ni, ya rage takardata zuwa layi biyar na sake tura wa kamfanin, sannan ya wallafa cewa bai yarda da ra'ayina ko ɗaya ba, amma bai taɓa kama ni da ƙarya ba. 'Yan jam'iyyarsa suka yi masa ca. Bayan kwana tara aka buɗe shafina. Duk balagar harshena, har yau ban sami kalmar da za ta ɗauki nauyin godiyata ba.

To, shekaranjiya shugaban matasanmu, Babaji, ya turo jerin shafuka goma da za mu kai ƙara gaba ɗaya ranar Juma'a, don ramuwar gayya. Na Emmanuel ne na uku. Kowa zai tura hoton shaidar ya aiwatar, wanda ya ƙi kuma za a cire shi daga kwamitin yaɗa labarai, inda nake sa ran zama sakatare. Yaya zan yi?

Mai Alƙalami, Katsina

Wa alaikumus salam, ɗana. Na ji daɗin yadda abin ya dame ka, domin da wasu ne, da sun danna maɓallin kai ƙarar ba tare da tunani ba.

Sashen da ka kawo ya fi ƙarfi tsakaninka da hukuma. Kamfani kuwa yana da sharuɗɗansa, kuma yakan hukunta marar laifi, kamar yadda ka ɗanɗana. Babaji ma yana da uzurinsa: an cuce ku, kuma shafin da ke yaɗa ƙarya ko tunzura jama'a ya cancanci ƙara. Amma kai ƙarar mutum kan abin da bai aikata ba shaidar zur ce, ko da yatsa aka yi ta.

Ka sami Babaji kai kaɗai, ba a zauren hirarku na waya ba, ka faɗa masa da ƙananan kalmomi cewa ba za ka danna ba. Kada ka ware Emmanuel shi kaɗai saboda ya taimake ka. Karanta goman duka, wanda ya yi ƙarya ka kawo hujja, sauran ka bar su. Wataƙila kujerar sakatare ta kuɓuce maka, ba zan ɓoye maka ba, kuma za ka ji zafinta.

Daga nan ka taka har Kambarawa ka gai da Emmanuel, ka gode masa baki da baki. Allah Ya yi maka albarka, Ya bar ku kuna gardama.