Samurai a Ɗakin Kailu

Filinge, farkon damina

Zuwa ga ƙanena Kamal,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da aiki, da mutanen Yamai. Rezo na wayar salula ya ƙi zama tun wancan mako, shi ya sa na ba Albarka direba wannan takarda.

Maganar Baba ce. Ka san yadda ya tsani wasan bidiyo, ka san faɗan da suka sha da ɗan'uwanmu Kailu lokacin da ya buɗe shagon wasa kusa da tasha. Da muka rufe shagon bayan rasuwar Kailu, na sa aka kawo tele ɗaya da na'urar wasan aka ajiye a ɗakinsa. Ranar Juma'a na kunna don in ga ko tana aiki kafin mu sayar. Sai ga wani mutum mai takobi biyu a ƙugu, ya ba mu baya, yana tsaye bakin kogi. A ƙasa an rubuta sunansa: Kailu.

Baba yana wucewa ya leƙo. Ya tambaye ni mene ne rubutun, na karanta masa. Sai ya shigo ya zauna a tabarma.

Tun ranar, a nan yake wuni. Ba ya taɓa manet ɗin da ake sarrafa wasan da shi, kallo kawai yake. Mutumin yana tsaye, kafaɗunsa na hawa suna sauka, iska na kaɗa rigarsa. Jiya na kai masa fura, na ji yana cewa, "Ka ga, shina lumfashi." Da safe kuma gaishe shi yake.

An yi ruwan shuka, kowa ya fita gona, ban da Baba. Kai ka san wasan nan. Faɗa mini abin da zan yi.

Yayarka,
Basiratu

Yamai

Yaya Basiratu,

Wa alaikumus salam. Na samu saƙo, ina lafiya. Ki gaida Baba.

Kada ki tsorata, babu wani abin ɓoye a ciki. Wasan samurai ne, wato jarumawan Japan na zamanin da. Mai wasa ne ke ba jarumin suna, Kailu ya sa nasa, kowa haka yake yi. Numfashin ma haka aka tsara shi, idan ka bar shi tsaye zai yi ta yi har shekara.

Labarin wasan yana da rassa. Ana zuwa wani wuri a tambaye ka, ka yafe wa wane ko ka sare shi, ka bi sarki ko ka bi talakawa, abin da ka zaɓa shi ke sauya abin da zai biyo baya. Inda kika gan shi, nan Kailu ya tsaya.

Shawarata, ki cire wayar pano mai kama wutar rana ki ce bateri ya mutu. Kwana kaɗan zai manta. Na so in zo da kaina, amma aiki ya yi yawa a shago.

Naki,
Kamal

Filinge

Kamal,

Bayan gaisuwa. Na yi abin da ka ce, kuma na yi da-na-sani.

Da Baba ya shigo ya ga telen baƙi, ya tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa shi. Sai ya ce, "Shi ma an bizne shi ban gani ba?" Kamal, tun da 'yan bindiga suka tare Kailu a hanyar Damana ban ga hawayen Baba ba sai ranar. Kai ba ka nan, ba ka ga yadda abin ya kasance ba. Kafin mu isa, mutanen ƙauyen sun yi masa sutura saboda zafi. Tudun ƙasa kawai aka nuna wa Baba. Ya dube shi ya ce, wa ya tabbatar mishi ɗanshi ne a ciki?

Na mayar da wayar da hannuna.

Yanzu magana ta fita gari. Gwaggo Larai ta zo daga ƙauye, ta leƙa ɗakin ta ja da baya. Ta ce iska ne, baƙon iska mai takobi, kuma ba zai saki ɗan'uwanta ba sai an kira masu gogen bori an tambaye shi abin da yake so. Liman kuma ya ce a fasa na'urar a yi sadaka. Suka yi ta ja-in-ja a tsakar gida, Baba yana ciki bai ko juyo ba. Ya rame. Albarka ya taimaka mun shuka rabin gona, ciyawa tana neman cinye ta.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ni ma na fara gani. Shekaranjiya da hantsi ina share ɗakin, mutumin ya ɗan karkata kai, ya sa hannu a ƙeya, daidai yadda Kailu ke yi idan yana tunani. Na yar da tsintsiya na fita da gudu. Na san za ka ce haka aka tsara shi.

Jiya Baba ya tambaye ni, "Mi ya ka jira nan bakin ruwa?" Ba zan ce ka zo ba, na san ba aiki ne ya hana ka ba, hanyar ce, kuma ni ma ba na so ka hau ta. Amma ka ba ni amsar da zan ba shi.

Basiratu

Yamai

Yaya,

Gaskiyarki, hanyar ce. Na je tasha har na sa ƙafa a mota, na sauko. Ki yi haƙuri da maganar cire wayar pano.

Ga abin da yake jira. Idan kika tura sandar hagu ta manet gaba, zai taka zuwa wani kwalekwale, sai rubutu biyu su fito da Faransanci. Na farko, ya haye kogi ya koma garinsu. Na biyu, ya bi gaɓa zuwa wata gada inda abokansa suke tare mayaƙan sarki don mutanen ƙauye su samu su gudu.

Na buga duka biyun. Idan ya koma gida zai rayu har ya tsufa, amma za a kashe abokan, kuma har ƙarshe ba mai amsa gaisuwarsa a garin. Idan ya tafi gada, ƙauyen zai tsira, shi kuma zai faɗi a can. Ko gwanin gwanaye ne ke riƙe da manet, sai ya faɗi.

Maganarmu ta ƙarshe da Kailu a waya a kan wannan ce. Yana dariya ya ce ya kasa zaɓa, sai ya dawo daga kai abokinsa Damana zai yanke.

Ki zaɓa masa gida, Yaya. Kada ki faɗa wa Baba sauran. Ya ga ɗansa ya shiga gida, ko a tele ne.

Ƙanenki,
Kamal

Filinge

Kamal,

Ban ɓoye masa ba. Na karanta masa takardarka duka, Gwaggo tana zaune.

Ya ce, "Abokanai nai na can bisa gada?" Na ce e. Ya ce, "To ba shi zuwa gida. Na san shi. Kai shi."

Na kai shi. Ina ta danna abin da na samu. Ya sari biyu ko uku kafin su rufe shi. Da ya faɗi sai aka nuna fuskarsa, karo na farko, ido a buɗe, ruwan sama na sauka a kai. Baba ya matsa har gaban telen, ya sa tafin hannu ya shafa daga goshi zuwa ƙasa. Ya yi salati, ya yi masa addu'a da sunansa da sunan Inna. Gwaggo ta fashe da kuka.

Sai wani rubutu ya fito. Baba ya ce, "Mi ya ce?" Na ce ana tambaya ko muna so mu koma bakin kogi mu sake zaɓa.

Ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "Mu ba a tambaye mu ba." Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Ya ce a aiko maka da na'urar, tana hannun Albarka. Ban ba tambayar amsa ba, haka na kashe ta.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Basiratu