Jan Layin da Aka Zana wa Clarrie

Zuwa ga ƙanwata Beryl, a Perth.

Ina gaishe ki da kyau, ke da jikoki. Yaya jikin? Ni ce yayarki Thelma. Raelene ta asibiti ke rubuta mini, na ce ta sa yadda na faɗa. Ban kira ki a waya ba don an ce 'yan sanda na saurara. Ga ta nan tana dariya, wai ba haka ba ne. Ta yi ta yi.

Kin ji babban yayanmu ya tafi, ba zan kama suna ba. Asabar ta sama za a sa shi a kabari. Abin da ba ki ji ba shi ne na ɗana Clarrie. Alƙali ya ba shi takarda mai hoton gari, an zagaye tsakiyar da jan layi. Wai shekara biyu kada ƙafarsa ta taka ciki. In ya taka, gidan yari. Har hotonsa suka sa a intanet kamar ɓarawon tumaki. Beryl, cocinmu na cikin layin nan.

Kin san mu. Wanda bai zo jana'iza ba sai a fara kallonsa, a ce ko da hannunsa a mutuwar. Kuma marigayin ne ya raini Clarrie, shi ya koya masa gita. Wa zai yi waƙar rakiya?

Kin tuna zamanmu a bakin rafi, kafin mutanen gwamnati su zo su ɗauke ki zuwa gidan mishan? Baba na waƙa, Mama na tono burodi daga toka, wutsiyar kangaru na tsiyayar mai. Mu yi ta ihu, ba wanda muka dama sai kwaɗi.

Ke kika yi boko. Gaya mini abin yi.

Allah Ya tsare. Yayarki.

*

Yaya Thelma,

Na samu wasiƙarki. Allah Ya ba mu haƙuri. Likita ya hana ni tafiya saboda wankin ƙoda, ki ba dangi uzurina.

Na je wurin lauyoyin da ke taimakon mutanenmu. Sun ce ana iya roƙon alƙali ya sassauta na yini ɗaya, amma sai an tsaya gabansa, kuma ba zai zauna a garinku ba sai bayan jana'iza.

Yaya, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Clarrie ba waliyyi ba ne. In ya sha, waƙar takan koma zagi. Ya fasa gilashin kanti, ya kori mata daga tashar bas, ni kaina ya ce mini Baturiyar mishan a gaban jama'a. Matan nan suna da haƙƙin zuwa cefane ba faɗuwar gaba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a haɗa har da coci. A hana shi ƙofar mashaya mana. Duk da haka takarda takarda ce. Ki tsare shi a gida. Maganar dangi za ta wuce, gidan yari kuwa ba kowa ke fitowa ba, kin fi ni sani.

Bakin rafi ban tuna komai ba sai ƙamshin hayaƙi. Ki ƙara ba ni labari.

Ƙanwarki, Beryl.

*

Beryl ƙanwata,

Gaisuwa da fatan sauƙi. Yau Noeleen matar fasto ke riƙe da biro.

Na ji abin da kika ce, na je wurin manya na ce Clarrie ba zai zo jana'iza ba. Gwaggo Glad ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Thelma, takardar Bature ta fi jini ne?" Na ce a ɗaga ranar. Ta ce, "Mutane sun taso tun daga hamada, yara na kwana a mota, ki ce su jira alƙali?"

Shi kuma Clarrie tun rasuwar bai taɓa kwalba ba. Yana zaune a baranda yana ta gyara tsirkiyar gitarsa. Na ce, "Kai, ka rufa mini asiri." Ya ce, "Tsohuwa, ni fa waƙa uku kawai zan yi, ba banki zan fasa ba." Na ce, "Ja'iri, da bakin nan naka ka ja mana." Ya ce, "Gado na yi."

Sai na kwashe takalmansa duka, har na zuwa coci, na kai gidan Noeleen na tura ƙarƙashin gado. Tana cewa kada in sa sunanta a wasiƙar nan. Rubuta kawai, Noeleen. Da ya duba bai gani ba, dariya ya yi, ya ce, "Mama, yaushe muka fara sa takalmi a gidan nan?"

Kin ce in ba ki labari. Da muna yara akwai jiniya. Rana na faɗuwa za ta yi kuka, duk baƙin mutum ya bar gari. Baba ya saɓa ki a wuya, ya ja hannuna, mu yi ta gudu, buhun fulawa na dukan bayansa, ke kina ta ƙyalƙyala dariya kin ɗauka wasa ne. Muna tsallake titin jirgi sai ya sauke ki, ya ja numfashi, ya ɗora waƙa. Wallahi waƙarsa ta fi daɗi a wannan gefen. Ni na ɗauka wancan zamanin an binne shi tare da su Baba.

Gobe ne. Ki yi mana addu'a. Yayarki.

*

Beryl,

Raelene ce kuma ke rubuta mini. An sa yayanmu lafiya.

Clarrie ya je. Ƙafa ba takalmi, da baƙar kwat. Ya yi waƙoƙinsa, har Gwaggo Glad ta yi kuka. Wani ɗan sanda ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, bai shigo ba sai da aka fitar da akwatin gawa. Sannan ya taɓa kafaɗar Clarrie, suka tafi.

Yana hannunsu har alƙali ya zo. Ki gaya wa lauyoyin nan naki. Ni yanzu zan kai masa takalmansa, an ce simintin wurin da sanyi.

Yayarki, Thelma.