Taswirar da Na Zana wa Bahijja

Unguwar Dala, Kano.
Talata, 7 ga Mayu.

Zuwa ga aminina Malam Bukar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Zara da dukan mutanen Nguru. Yaya idon naka? Ni yau kwana huɗu ke nan ƙafafuna a kumbure, sallah ma a zaune nake yi. Hannun ne kawai bai gaza ba tukuna, shi ya sa na ɗauki alƙalami, don abin da ke raina ba na waya ba ne.

Ka san jikata Bahijja, 'yar marigayi Salihu. Tun da mai ɗakina ta rasu, ita ce take zuwa duk Juma'a ta share mini ɗaki, tun daga zaure tana kiran angonta mai ran ƙarfe, ni kuma in ce na sake ta tun bara don ba ta iya dama fura ba. Wannan faɗan namu shi ne abin da nake jira duk mako.

Shekara biyu ke nan da ta haɗa ƙungiyar matasa masu tattaki, maza da mata. Duk Asabar da sassafe su hau Dala, su sauko su bi ta Ƙofar Mazugal, wani lokaci har Goron Dutse. Da suka gaji da duwatsun birni sai suka so su fita karkara. Ita kuwa ta sha jin labarin dutsen Zangon Marke a bakina, can bayan Rano, inda ni da kai muka fara koyarwa. Sai ta kawo mini huɗu daga cikinsu.

Bukar, da ka ga yadda suka zauna a tabarma suna kallon bakina! Rabona da haka tun da na bar aji. Na yagi takarda na zana musu hanya: daga makarantarmu a bi ta kukar nan mai kogo, a tsallake fako, a iske ƙorama a gindin dutse, sannan a hau. Na ce in sun tashi da asuba, kafin hantsi suna bakin ƙorama. Na ce kada su wahalar da kansu da dakon ruwa, gora ɗai-ɗai ta isa, don na ƙoramar ya fi na firji sanyi. Wani daga cikinsu, Nazeer, ya ce shi dai wayarsa ba ta nuna ruwa a wurin ba. Na tambaye shi ko wayar tasa ta taɓa durƙusawa ta sha. Aka yi dariya, ya sunkuyar da kai.

Ran Asabar ɗin ƙarshen Afrilu suka tafi, su goma sha shida. Kukar an daɗe da sare ta, fakon ya zama gonaki. Suka yi ta kewaye a rana, ba su kai ƙoramar ba sai bayan azahar, suka tarar da yashi zalla. A nan ƙawar Bahijja, Firdausi, ta yanke jiki ta faɗi. Ba don wasu makiyaya sun kawo ruwa sun nemo babur ba, da labarin ya bambanta. Kwananta biyar a asibiti, an ce abin ya taɓa ƙodarta. Iyaye sun janye 'ya'yansu, ƙungiyar ta watse. Bahijja kuwa duk wanda ya tambaye ta, cewa take laifinta ne, ita ce ba ta je ta duba hanya ba. Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunana ba.

Mu lokacin kaka muke bin hanyar nan, damina ta ɗauke ke nan, muna da shekara ashirin da huɗu. Su kuwa tsakiyar bazara na tura su. Na manta ne, Bukar. Ka sa ni a addu'a.

Ka gaida gida da kyau.

Naka,
Ɗalha.

Unguwar Dala, Kano.
Juma'a, 17 ga Mayu.

Malam Bukar,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku lafiya. Amsarka ta iso ta hannun direban motar Nguru, na gode. Kumburin ya ɗan sauka, amma abinci ba ya shiga.

Ka ce mantuwa ba laifi ba ce, musamman ga mai shekarunmu. Gaskiya ne, sai dai ƙarya na yi maka. Ban manta ba. Ranar Juma'ar da za su tafi washegari, ina dawowa daga masallaci rana tana dukan ƙeyata, sai na tuna watan da aka rufe mana makaranta don rijiya ta ƙafe, muka je ƙoramar muka haƙa har gwiwa ba mu ga ko danshi ba. Na ɗauki waya, na nemo sunanta. Sai fuskar Nazeer ta faɗo mini, da dariyar da na sa aka yi masa. Na ce wa raina ai yaran zamani ne, ba za su rasa ɗaukar ruwa ba. Na ajiye wayar na yi ƙailula.

Shekaranjiya na sa aka tsayar mini da adaidaita, na je Kabara gidan Alhaji Jibrin, mahaifin Firdausi. An riƙe ni ne har zaure. Na faɗa masa duka, yadda na faɗa maka yanzu. Ka san me ya yi? Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa, yana haba Baba, haba Baba, mu isa mu ji wannan daga bakinka? Ya ce dattijo ai labari yake bayarwa, Bahijja mai digiri ce ya kamata ta san labari daban, hanya daban. Na maimaita, ya ce Allah ya ƙara girma. Aka kawo mini lemo. Na je ne in sauke laifin daga kan jikata, na dawo na ƙara mata wani, don yanzu cewa ake ta ɗauki rayukan mutane ta ɗora a kan hirar tsoho. Firdausi ta leƙo ta gaishe ni, ta rame ƙwarai, har da ce mini in yi haƙuri sun ɓata mini taswira.

Da na dawo sai na kira Bahijja. Tun da abin ya faru sau ɗaya ta zo, ta yi shara ta tafi. A waya na gaya mata maganar masallaci da wayar da na ajiye. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce to, Malam, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Malam, Bukar. Tun da ta iya magana ba ta taɓa kirana haka ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na roƙe ta ta zo yau, ko ba ta share komai ba, in ga fuskarta. Ta ce in Allah ya so, bayan la'asar.

Na sa an shimfiɗa sabuwar tabarma, na aika an sayo gurasar da take so. Ina zaune a zaure tun da na idar da sallah, kuma a nan na rubuta wannan. Duk adaidaitar da ta tsaya a bakin lungu sai na ɗaga kai. Ban san ko in sake kiranta ba, ko in ƙyale ta. Kai ka fi ni sanin yadda ake haƙuri da mutane, ka gaya mini.

Ka gaida Hajiya Zara, Allah ya ba idonka lafiya.

Amininka,
Ɗalha.

Na buɗe ambulan don in ƙara wannan. An kira magariba, ba ta zo ba.